Tsohon da Ya Ƙi Riƙe Sanda

Ranar da muka kai Kaka makwancinsa, wanda ya fara karya mana zuciya wani mahauci ne daga Lausu. Ƙato ne na gaske, irin wanda in ya hau babur ba ka ganin komai sai shi da tayoyi. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban tabarmar da muke karɓar gaisuwa a ƙofar gidanmu a Nariya. Ya buɗe baki zai yi addu'a, kuka ya riga addu'ar fitowa. Da ƙyar ya iya cewa, "Ni ma na taɓa riƙe shi."

Babu wanda ya tambaye shi me yake nufi. Liman ya dafa kafaɗarsa, aka matsa masa wuri.

Bayansa sai wani tela daga Rano. Shi bai yi kuka ba, ya dai zauna yana murza hularsa har ta kusa komawa zare, sannan ya ce daminar da ya riƙe Malam ba zai manta da ita ba. Sai wani tsohon soja, sai wani malamin firamare da ya yi ritaya. Kowa ya gama "Allah ya jiƙansa, Allah ya ba da haƙuri," sai ya sunkuyar da kai ya ƙara da cewa shi ma ya riƙe shi. Daga cikin gida kuma muna jiyo Gwaggo, 'yarsa ta fari, tana hana mata kururuwa, tana cewa, "Ku yi masa addu'a, ba ya son ihu," alhali muryarta ta fi ta kowa rawa.

Surukina da ya zo daga Kano, wanda bai taɓa ganin marigayin ba, ya gaji da jin wannan magana. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Don Allah, wai shi marigayin gurgu ne?"

Na danne dariya har haƙarƙarina ya amsa. Na ce ya bari jama'a su ragu zan ba shi labari. Jama'a ba su ragu ba har ya koma, shi ya sa na zauna na rubuta masa amsa, shi da duk wanda bai san tsohon ba. Wanda ya ga wasa a cikin ta'aziyya ya yi haƙuri. Marigayin ƙanin kakana ne na wajen uba, a gidanmu kuwa ba a bambantawa, Kaka kawai muke ce masa. Ni jika ne, wasa da shi haƙƙina ne, ban ga dalilin da mutuwa za ta ƙwace min ba. Allah ne ya ara mana shi, ya karɓi abinsa, mu ma muna nan tafe.

Amma akwai abin da ya hana ni sakewa a kan tabarmar nan. Ƙanena, autan ɗakinmu, ba ya cikinmu. Tun da aka dawo daga maƙabarta ya shige shagon da ke jikin soro ya danna sakata. Innarmu ta aiko aka kira ni, ta tsaya a bayan ƙofar tsakar gida ta ce, "Ya koma ɗakin nan. Wanda ya fito da shi kuma ga shi kun rufe shi da ƙasa. Yanzu wa zai fito min da shi?" Zan dawo kan Auta, amma sai kun fara sanin tsohon.

To, surukina, Kaka ba gurgu ba ne. Har gemunsa ya gama fari a ƙafa yake zuwa kasuwar Kibiya. Na taɓa bin sa, da ƙuruciyata kuwa. Kafin in kai rabin hanya ya je ya sayi goro, ya yi cinikin akuya ya fasa, ya gaisa da rabin kasuwa, muka haɗu yana dawowa. Ya dube ni ina haki ya ce, "Sarkin Ƙarya, da bakinka ne ke tafiyar da tuni ka isa Makka." Sunan da ya sa min ke nan, wai in na ga tinkiya biyu sai in ce garke. Ban taɓa yarda da sunan ba. Na gaya masa ya fi sau dubu ɗari cewa ni ba na ƙari a magana.

Shi ba liman ba ne, ba mai unguwa ba. Manomi ne mai karatu daidai gwargwado, yana biya wa manya littattafai a soro da safe, da damina kuma ya ɗauki fartanya kamar kowa. Ba ya shan kunu da sukari, wai an ɓata kunun an kuma ɓata sukarin. Duk labarin da aka fara da "ka ji abin da wane ya yi?" sai ya ce kunnen wannan ɓangaren ya toshe. In ka zagaya ɗaya ɓangaren, ya ce ai shi ya fi toshewa.

Sanda kuwa ba ya riƙewa. Duk wanda ya je aikin Hajji daga garinmu sai ya kawo masa tsarabar sanda, mai lanƙwasa, mai ado a kai, har da wata mai fitila a jiki. Ya karɓa, ya sa albarka, ya jingine a kusurwar soro. Sandunan da ke soron nan sun isa a kewaye gonar albasa, a yi rumfa da ragowar. Ko ɗaya bai taɓa dogarawa ba. Mutane yake dogarawa.

Ga yadda abin yake. A gari irin namu, in wani abu ya faɗa wa mutum, har ya ji ba zai iya haɗa ido da kowa ba, ɗaki yake shiga. Wani daga gidan yari ya dawo. Wani daga fagen daga, in murfin tukunya ya faɗi sai ya kwanta a ƙasa. Wani ɗansa ne ya jawo masa abin faɗa. Da farko a ce ba ya jin daɗi, sannan a daina ganinsa a majalisa, sannan a masallaci, sannan a saba da rashinsa. Mu mutanen kirki ne, muna zuwa mu yi masa nasiha, mu ce ya yi haƙuri, ya yi tawakkali, mu fito mu bar shi da nauyin da ya fi na da.

Kaka ba ya nasiha. Yana bari sai an kusa kiran la'asar, lokacin da kowa ke waje, ya nufi ƙofar mutumin yana ɗingishi. Ba ya shiga. Sallama zai yi ya ce, "Wane, ƙafar nan ta tashi yau. Zo ka riƙe ni zuwa masallaci, kada salla ta wuce ni." In an yi shiru, ya nemi ƙasa ya zauna a bakin ƙofar, cikin rana, ya ce ba komai, zai jira. Wane ɗan halas ne zai bar tsoho mai furfura zaune a ƙasa a ƙofarsa, ladan na kira? Kunyar da ta shigar da kai ɗaki, ita zai sa ta fito da kai.

Da ka fito sai ya ɗora hannu a kafaɗarka. Masallacin ba nisa, amma Kaka bai san gajeriyar hanya ba. Sai ya bi da kai ta gaban mai shayi, ta rumfar teloli, ta gindin darbejiyar da dattawa ke zama. Akwai ranar da ya bi da wani ta bayan gari har suka kusa shiga Fassi. Jama'a kuma sun san nasu aikin, don ya daɗe da koya mana: ba a tambaya a hanya. Abin da za ka ce ɗaya ne, "Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka da alheri." Mutumin da ya yi wata da watanni yana jiran ranar da gari zai tofa masa yawu, abin da zai fara ji daga bakin gari godiya ce. A masallaci kuma dole ya shiga sahu kusa da Kaka, kafaɗa da kafaɗa da mutane, don in ba shi ba wa zai tayar da tsoho bayan sallama?

Sau ɗaya aka karya dokar. Mahaucin nan na Lausu a garinmu yake zaune a lokacin, ya dawo daga gidan yari bayan wani faɗa da ya sari abokin sana'arsa a hannu. Suna wucewa da Kaka, mai shayi ya ɗaga murya ya ce, "A'a, manyan baƙi! Yaya gabzar gwamnati?" Kaka ya wuce da mahaucinsa masallaci. Washegari dai bencin mai shayi babu kowa, jibi ma haka. Masallaci guda ya koma shan koko. Sai da mai shayi ya ɗauki buta da burodi ya je har gidan mahauci ya ba shi haƙuri, sannan aka tuna ana shan shayi a Nariya.

Ni kaɗai nake da izinin tsokanarsa a kan ƙafar. Na ce, "Kaka, jiya da dama kake ɗingishi, yau na ga hagu."

Ya ce, "Ciwon nawa ne ko naka? In ya ga dama gobe ya hau wuya."

Na ce, "To ga sanduna can a soro suna cin ƙura."

Ya ce, "Sanda tana amsa gaisuwa?"

In ya ga mutum ya fara ɗaga kai, ya fara tsayawa bayan salla ana hira da shi, sai ya kore shi. "Kai, sake ni, saurinka ya yi yawa, za ka karya ni." Kafin nan an riga an ba mutumin wani aiki da ba a yi sai da shi: cika randunan alwala, ko kwashe tabarmi in hadari ya taso, ko kiran mutane gayya a gonar wanda ke kwance. Ƙafar Kaka kuma ta warke sumul, sai ka gan shi ya nufi Kibiya kamar an biyo shi.

Mata ma ba a bar su ba. Matarsa, Iya, Allah ya jiƙanta, nata ciwon na ido ne. In wata ta shige ɗaki saboda saki, ko ɓari, ko wata magana, sai idon Iya ya daina ganin tsakuwa a shinkafa. A aika a kira wance ta zo ta tsince mata, daidai lokacin da matan unguwa ke taruwa karatu a tsakar gidan. Matar da ke hango kaza a kan katangar ƙarshen layi ta faɗi ta wace ce! Gwaggo ce ta gaji wannan ciwon idon.

Ba kowa ya fito ba, kada in yi ƙari. Akwai ɗan ƙanwarsa da Kaka ya yi ta zama a ƙofarsa har ƙasar wurin ta san shi, bai buɗe ba. Wata safiya aka tarar ya tafi Kudu, har yau ba mu da labarinsa. Kaka bai taɓa cewa komai a kai ba, sai dai duk addu'ar da za a shafa a soro sai ya sako sunansa.

Ya kuma taɓa yin rigima da Liman, ta gaske. Liman ɗan abokinsa ne, a gabansa ya girma, mutum ne mai tsare gaskiya da tsare lokaci. In lokacin tayar da salla ya yi, ko hakimi ne a bakin ƙofa yana alwala sai dai ya cike abin da ya rasa. Lokacin maganar mahaucin ne Liman ya sami Kaka a soro, ina zaune, ya ce, "Baba, abu biyu ne. Na ɗaya, ƙafar nan lafiyarta ƙalau, kowa kuma ya sani."

Kaka ya ce, "Ka kai shekaruna sannan ka gaya min ranar da gwiwa ba ta ciwo. Ni ban taɓa cewa ba zan iya tafiya ba. Cewa nake a riƙe ni."

Liman ya ce, "Na bar maka wannan. Na biyun fa? Wanda aka sara yana cikin sahun nan, ga tabon a hannunsa. Ka shigo da wanda ya sare shi, gari na yi masa sannu da ɗawainiya. Shi wa ya yi masa sannu?"

Kaka ya fusata, ya ce yaron da aka raɗa wa suna a gabansa ne zai koya masa zama da mutane? Ya kaɗe riga ya shige gida. Ya yi kwanaki yana cika yana batsewa, ko tsokanata ba ya amsawa. Ranar Juma'a sai ga shi a ƙofar Liman, babu ɗingishi, ya ce, "Kai ne da gaskiya." Daga nan ya wuce gidan wanda aka sara. Tun daga ranar, in akwai wanda aka cuta a cikin magana, ƙofarsa Kaka ke fara zuwa, ba ya kuma ɗaukar kowa sai da izininsa.

Cikin waɗanda suka riƙe shi akwai Arɗo, maƙwabcinmu, babban rugar da ke bayan gari. Sun daɗe da zama, suna noma kamar mu, nonon da ake dama fura da shi a gidanmu daga wurinsu yake. Shekarun baya, tun mahaifinsa na raye, ɓarayi suka kore garkensu kaf a hannunsa, shanun da suka gada tun kakanni. Mu muna ganin asara ce, shi a wurinsa sunan gidansu ya zubar. Ya daina shigowa gari. Matarsa ta ce sai ya zauna a gaban turakun da babu komai yana kiran shanun da sunayensu. Kaka ya taka har rugar lafiya lau, sai da ya hango ɗakin mutumin sannan ƙafa ta tashi. Damina guda Arɗo yana kawo shi masallaci. Danginsa suka haɗa masa 'yan karsana yadda suke yi a tsakaninsu, ya sake tayar da garke, ya dawo mutum.

Yanzu ga maganar Auta. Direba ne, ƙaramar bas yake ja tsakanin Kibiya da Rano, mutum mai fara'a, fasinja har jiran motarsa suke. Daminar bara yana dawowa, maraƙi ya tsallaka titi a guje, yaron da ke kiwo ya biyo shi. Auta ya taka birki, titi da santsi, motar ta buge yaron. Yaron autan Arɗo ne.

Auta da kansa ya ɗauke shi zuwa asibiti a Rano, a hannunsa ya cika. Fasinjoji suka shaida ba gudu yake ba. Arɗo ya je gaban hukuma ya ce ƙaddara ce, ya yafe, ba ya neman komai. Hukuma ta saki Auta, shi bai saki kansa ba. Ya miƙa wa mai mota makulli, ya bar matarsa da 'ya'yansa a cikin gida, ya koma shagon samartakarsa a jikin soro. Ba ya barci. In mota ta yi hon a titi sai jikinsa ya hau rawa. Abincin da aka ajiye a ƙofa haka ake ɗauke shi. Na je da barkwancina, wanda ke tayar da mai zazzaɓi ya zauna, na yi ta zuba a bakin ƙofa. Daga ciki ya ce, "Yaya, don Allah ka tafi." Na tafi.

Kaka da ruga ya fara. Ni na kai shi a babur, don tafiyar ta fara yi masa nisa. Aka kawo nono, bai sha ba, ya ce, "Arɗo, izini na zo nema. In ka ce a'a, a'a ce."

Arɗo ya ce, "Malam, abin da ka yi min ka yi masa. Na yafe har zuciyata. Amma idona bai yafe ba. In na gan shi, yaron nake gani. Zan riƙa yin sallata a nan tukuna."

Kaka ya ce, "Wannan haƙƙinka ne." Daga ranar aka daina ganin Arɗo a masallacinmu.

Sannan ya zo ƙofar Auta. Gida ɗaya suke, tsakanin ɗakin Kaka da shagon bai fi tsallen kwaɗo ba, amma sai da ya fita ya zagayo yana ɗingishi kamar wanda ya taso daga wani gari. Auta a gidan ya tashi, ya san wasan sarai. Daga ciki ya ce, "Kaka, na san ƙafarka ƙalau take."

Kaka ya ce, "To fito ka duba."

Bai fito ba. Kaka ya zauna a ƙasa, a nan ya yi la'asar ɗinsa shi kaɗai. Haka aka yi ta yi, har ranar da hadari ya haɗo, yayyafi ya fara sauka a kan hularsa. Gwaggo ta fito da lema, ya ce ta mayar. Ruwa ya fara ƙarfi. Sai muka ji ƙarar sakata.

Ba zan ce daga nan komai ya gyaru ba. Auta na kai shi yana dawo da shi, kansa a ƙasa, ana yi masa sannu yana amsawa da leɓe. Kaka ya sa na kai Auta wajen likitan da ke duba irin wannan rashin barcin, ya ce, "Addu'a muna yi, amma Allah bai hana likita nasa rabon ba." Da magani da tafiyar la'asar, a hankali ya fara cin abinci, ya koma kwana cikin iyalinsa, ya karɓi cika randuna. Abu biyu ne suka rage. Bai taɓa zuwa masallaci ba sai da hannun Kaka a kafaɗarsa. In kuma ya hango mai malafa da sanda daga nesa, sai ya canza hanya. Mun yi ta jiran "sake ni, saurinka ya yi yawa." Ba ta zo ba.

Bayan girbi ne ƙafar ta tashi da gaske, babu kuma wanda ya yarda. Ni har cewa na yi, "Kaka, wannan karon ka ƙware, har da gumi." Ya yi murmushi ya ce, "Na daɗe ina koyo." Auta ne ya same ni a gona ya ce, "Yaya, nauyin ya canza. Da hannu kawai yake ɗora min. Yanzu shi ɗin ne gaba ɗaya." Muka kai shi asibiti, aka ce tsufa ne da zuciya, a mayar da shi gida a kula da shi. Ya ƙi yarda a daina kai shi masallaci. Da tafiya ta gagara, goya shi Auta yake yi, ko a bayan ma sai ya ja masa kunne ya ce a bi ta gaban mai shayi. Ya cika da hantsi, Gwaggo na ba shi kunu, marar sukari.

Kwanakin makoki Auta bai leƙo ba. Liman ya je ya yi magana, Innarmu ta je ta yi kuka a ƙofa. Ni har ɗingishi na gwada, ya ce, "Yaya, bari." Randunan masallaci wani ke cikawa. Na fara jin abin da aka saba faɗa a da: a ƙyale shi, ba ya jin daɗi.

Ranar sadakar uku, an yi addu'a da safe, an raba waina, baƙin nesa sun kama hanya. Gab da la'asar sai ga Arɗo. Ranar jana'iza ya zo, amma daga nesa ya tsaya, daga maƙabarta kuma ya juya. Wannan karon har tabarma ya iso, da tafiyarsa ta mai bin shanu, miƙe kamar sandar da ke kafaɗarsa. Ya yi mana gaisuwa, aka shafa addu'a. Ya dubi waɗanda ke zaune ɗaya bayan ɗaya, ya juyo gare ni ya ce, "Ina ƙaninka?" Na nuna masa shagon da haɓa.

Ya miƙe ya shiga soro. Na bi shi. Ya tsaya a gaban sandunan Kaka, ya sauke tasa daga kafaɗa, ya jingine ta a cikinsu. Tun tasowata ban taɓa ganin Arɗo ba sanda ba, ina zaton da ita aka haife shi. Ya fito, daga bakin soro ya fara ɗingishi, mummunan ɗingishi na wanda bai taɓa yi ba, kamar raƙumi a kan tsakuwa.

Ya yi sallama a ƙofar shagon.

"Auta. Saniya ta taka ni. Zo ka riƙe ni zuwa masallaci, kada salla ta wuce ni."

Ƙofa ba ta buɗe ba. Ya tattare riga ya zauna a ƙasa.

Ladan ya kira salla. Duk wanda ke kan tabarma ya tashi ya tafi, babu wanda ya kalli wajen shagon. Ni na maƙale a soro. Daga baya aka ba ni labarin abin da ya faru a masallaci: lokaci ya yi, ladan ya miƙe zai yi iƙama, Liman ya dubi agogo, ya dubi ƙofa, ya ce a dakata, yana so ya sabunta alwala. Ya fita ya yi alwalar da ba a taɓa ganin mai tsawonta ba a ƙasar Kibiya. An ce kowane yatsa sai da ya gaisa da shi.

Sakata ta yi ƙara. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, idonsa a kan ƙafafun mutumin, ya kasa ɗagowa.

"Baffa, ni?"

"Akwai wani a ɗakin ne?"

"Baffa, ni ne fa na..."

"Na san ko kai wane ne. Ɗaga ni, ƙasar nan da zafi."

Auta ya sunkuya ya kama hannunsa. Arɗo ya miƙe, ya ɗora hannu a kafaɗarsa, ya dube shi a fuska. Ya daɗe yana dubansa, hawaye na bin gemunsa bai share ba. Sannan ya ce, "Mu je. Ta gaban mai shayi."

Na bi su a baya. Mai shayi, wanda shi ma ya yi furfura yanzu, yana rufe tukunya zai tafi salla. Ya ajiye murfin, ya miƙe tsaye ya ce, "Sannu da ɗawainiya, Auta. Allah ya saka da alheri." Auta ya ce amin. A hankali ya faɗa, amma an ji.

Da aka idar suna dawowa, na lura da wani abu, jinin jika kuwa bai bar ni na yi shiru ba. Na ce, "Arɗo, da za ku tafi da dama kake ɗingishi."

Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Saniyar ta dawo ta taka ɗayar."

Wani ɗan sauti ya fita ta hancin Auta. Ba za a kira shi dariya ba, amma Innarmu da na gaya mata sai da ta yi sujada.

To surukina, ka ji amsar tambayarka. Auta bai koma tuƙi ba, ban kuma sani ba ko zai koma. Ya dai koma cikin iyalinsa, ya karɓi randunansa. Kullum gab da la'asar Arɗo na tahowa daga ruga a miƙe, sai ya hango ƙofar gidanmu ƙafa ta tashi. Sandarsa tana nan a soro cikin na Kaka. Na ce ya zo ya ɗauki abarsa, ya ce tukuna.

Ya Allah, ka yafe wa tsohon nan kurakuransa, ka yalwata masa makwanci, ka sada shi da Iya, ka kuma dawo mana da ɗan ƙanwarsa da ya tafi. Bawanka ya zo maka babu sanda, yadda ya saba. Ka riƙe shi da rahamarka, kada ka sake shi.